Abin da ke Ƙarƙashin Bonet a Pomona

Pomona gari ne da ke gabas da Los Anjalas, tafiyar kamar kilomita 50, kuma duk shekara a lokacin sanyi filin baje kolinsa, Fairplex, yakan cika da tsofaffin motocin da aka sake wa halitta. Sunan taron Grand National Roadster Show. An fara shi a Oakland a 1950, ya koma Pomona a 2004. Na shiga ne da niyyar kallon fenti da ƙyalli, amma rabin yinina ya ƙare ina duƙe a gaban injuna, ina kallon wata sana'a da ban taɓa sanin akwai ta ba: sa wa mota sabon inji, sannan a yi masa shigar tsoho har ido ya kasa ganewa.

Sai an san tarihin motocin kafin a gane dalilin wannan wahala. A 1932 kamfanin Ford ya fitar da mota mai inji silinda takwas a farashin da talaka zai iya saye. Injin, wanda suke kira Flathead saboda kansa a baje yake, ƙarfin doki 65 gare shi. Da motocin suka tsufa suka yi araha, samarin kudancin Kalifoniya suka riƙa saye, su cire madigadi da duk wani abu mai nauyi, su ƙara kafireto, su tafi busassun tafkunan hamada irin su El Mirage su gwada gudu. Daga nan aka samu abin da ake kira hot rod. Mujallarsu ta fara fitowa a 1948, kuma har yau Ford ɗin 1932 ita ce sarauniya a wurinsu.

Flathead kyakkyawa ne, babu musu. Filogi huɗu a jere a saman kowane gefe, noti-noti kewaye da su, kafireto biyu ko uku a tsaye a tsakiya. Amma yana da halinsa. Hayaƙin da ya ƙone sai ya bi ta cikin jikin injin kafin ya fita, shi ya sa yake saurin ɗaukar zafi, kuma Ford ta daina sa shi a motocinta na Amurka bayan 1953. Da Chevrolet ta fito da nata ƙaramin silinda takwas a 1955, mara nauyi, mai ƙarfi, mai arahar kayan gyara, sai masu tsofaffin Ford suka fara ciro Flathead suna dasa shi. Bayan shekaru arba'in da 'yan kai kuma, a 1997, injin LS ya zo a cikin motar Corvette da ƙarfin doki 345, yana tashi da murzawa ɗaya ko da asuba ce mai sanyi. Matsalarsa guda: ba shi da kyan gani. Roba a sama, wayoyi ko'ina, kwayil takwas a jibge a kan murfi. Ka sa shi a motar 1932 wadda injinta yake a buɗe, duk wanda ya wuce zai ji wani abu ya soki idonsa.

A nan ne gwanintar take. Na daɗe a gaban wata baƙar mota mara rufi, wadda mai ita, wani dattijo mai furfura har gemu, ya bar ni na leƙa yadda nake so. Murfin injin na Oldsmobile Rocket ne, injin da ya fito a 1949, da sunan a rubuce. Kafireto uku ne a jere, siffar Stromberg 97 da samarin da suka yi yayi. A gaba ga dinamo baƙi mai tsawo irin na da. Wayoyin filogi an naɗe su da zare, ba roba ba, duk sun tattaru sun shiga dilko. Da na gama, dattijon ya yi murmushi ya fara warware mini ɗaya bayan ɗaya. Murfin an ɗaura shi ne a kan wani faranti da aka yanka daidai, na ainihin, wato na LS, yana ƙarƙashi. Abubuwan da na ɗauka kafireto ne iska kawai ke bi ta cikinsu, injekta ce ke fesa mai daga ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Dinamon ɓawo ne, altaneta ta zamani ce a ciki. Dilkon kuwa babu komai a cikinsa; wayoyin ratsawa suke yi su sauka zuwa kwayil da aka ɓoye a ƙasa. Kwamfutar da ke tafiyar da komai tana ƙarƙashin kujera.

Ya ce na ƙirga bakin salansa, domin nan ne ƙarya ba ta da wurin ɓuya. Flathead bututu uku yake fitarwa a kowane gefe, saboda silinda biyu na tsakiya hanya ɗaya suke bi. Tsohon ƙaramin Chevrolet huɗu gare shi, amma biyun tsakiya suna manne da juna. LS kuwa huɗunsa tazararsu ɗaya ce. Haka ma wurin zaman dilko: na Chevrolet a baya yake, har sai an lotsa bangon da ke tsakanin inji da direba kafin ya samu wuri, Flathead kuma a gaba yake ajiye nasa. Daga wannan lokaci sai na koma ina zagaya zauren ina ƙirga bututu, kuma na lura ba ni kaɗai ba ne. Masana suna zuwa, su sunkuya, su ɗan yi shiru, sannan su ɗago su miƙa wa mai motar hannu.

Wannan miƙa hannun ne ya fi burge ni. A garejojinmu ma ana canza inji kullum, amma larura ce, kuma idan aka ɓoye, galibi don a cuci mai saye ne. A Pomona ban ga haka ba. Motoci da yawa suna da allo a gabansu da aka rubuta ainihin injin da ke ciki, wanda bai rubuta ba kuma kana tambaya zai faɗa maka da alfahari. Ba kuma don kauce wa hukuma ake yi ba, tunda a Kalifoniya motocin fetur ƙirar 1975 zuwa baya ba sa cikin gwajin hayaƙin da ake yi wa sauran. Mutum yana kashe watanni yana goge lambar kamfani daga jikin alminiyon, yana bin wayoyi ta cikin sasi, yana neman launin fentin da ya dace da shekarar, duk don kada wanda ya kalli motarsa ya ga abin da zai ɓata masa zamanin da take tunatar da shi.

Ba kowa ne ya yarda da hakan ba. Akwai masu cewa Ford sai da injin Ford, kuma suna da hujjarsu: sautin Flathead, wani irin gurnani mai laushi, babu murfin da zai ba ka shi. Na ji an tada ɗaya a waje, na kuma fahimci abin da suke karewa. Irin waɗannan mutane su ne ke neman kawunan Ardun, waɗanda Zora Arkus-Duntov da ɗan'uwansa suka ƙera wa Flathead a ƙarshen shekarun 1940, su biya kuɗin da zai sayi wata motar. Ina girmama su. Amma zuciyata ta fi karkata ga dattijon nan, domin motarsa ba a kan tirela take yawo ba. Yana hawa babban titi da ita, ya yi tafiyar yini guda cikin zafin hamada lagireto bai tafasa ba, jikokinsa kuma suna shiga. Motocin da suka riƙe komai na asali da dama ba sa fita sai ranar baje koli.

Kafin in bar filin na shiga gidan tarihin Wally Parks, mutumin da ya kafa ƙungiyar tseren NHRA a 1951; gidan yana nan cikin Fairplex ɗin. Motocin samarin farko suna ciki, da waldarsu ta hannu da faci-facinsu. Babu wanda ya ɓoye komai a jikinsu, domin a lokacin duk abin da suka dasa shi ne sabo, gudu kawai suke nema. Siffar da suka bari ba tare da sun shirya ba, ita ce makanikan da na baro a zauren suke bi da ma'auni da injin yankan ƙarfe, har kan noti mai kusurwa shida da ya dace da shekarar 1950.