Tsutsar da Ba Ta Cin Tumatir

A Kura da Bunkure tsutsa ba ta da suna mai kyau, kuma da dalili. Duk wanda ya yi noman rani da ruwan Tiga a 2016 bai manta da sharon ba, 'yar mitsitsiyar tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta, wadda ta cinye tumatirin Kadawa har gonaki suka koma kamar an bi su da wuta. A shekarar ce kuma tsutsar masara daga nahiyar Amurka ta ɓulla a Najeriya. Tun daga nan, duk abin da ke rarrafe a kan ganye hukuncinsa feshi.

Mu kuwa a gidanmu kiwon tsutsa muke yi, a ɗaki, kusa da teburin da muke rubuta manhajar kwamfuta. Tamu ba ta cin tumatir, ba ta taɓa shinkafa. Tumfafiya take ci. Jikinta zane-zane ne na baƙi da fari da rawaya, da wasu siraran ƙahoni guda shida. Ita ce ke zama malam buɗe littafi mai ruwan lemo, wanda bakin fikafikansa baƙi ne da ɗigon fari. Sunansa a kimiyyance Danaus chrysippus, ɗan'uwan wanda ke tafiyar dubban kilomita daga Kanada zuwa Meziko duk shekara.

Kiwon ba shi da tsada: bokitin roba, tsohon gidan sauro da za a rufe bakinsa, da 'yar sanda a tsaye. Wahalar tana wajen ganye. Kullum da safe sai an samo sabo, kuma sai an yi nisa da gonakin da ake fesawa, domin ganye ɗaya da magani ya taɓa ya isa ya kashe duk abin da ke bokitin. Nonon tumfafiya kuma yana cutar da ido, don haka dokar yaranmu ita ce wanke hannu da sabulu. Dafin nonon nan ne tsutsar ke tarawa a jikinta, shi ya sa tsuntsun da ya ɗanɗana ta ba ya marmarin ƙarawa.

Wajen mako biyu tana ci tana saɓa. Daga nan sai ta daina ci, ta rataye kanta a ƙasa kamar ƙugiya, ta koma wani ɗan koren ƙulli mai ɗigon zinariya. Sai jira, mako guda ko fiye. Mu da muka saba danna maɓalli mu ga sakamako nan take, a nan ba mu da abin dannawa.

Kawunmu, wanda ya tsufa a noman rani, ya leƙa bokitin wata rana ya girgiza kai.

"Injiniya, mu muna cin bashi mu kashe ta, kai kana yi mata shimfiɗa?"

Muka ce, "Kawu, wannan ba ita ce ta ci muku tumatir ba."

"Duk jirgi ɗaya ya kwaso su," in ji shi.

Ba mu ja da shi ba. Wanda ya yi asarar gona guda ya fi mu sanin zafin abin. Amma a sana'armu, idan manhaja ta lalace, Turawa kan ce ƙwaro ya shige ta, kuma darasin farko shi ne a gano wane ƙwaro ne, a wane layi yake. Wanda ya goge komai don haushi, har abin da ke aiki zai rasa. Feshin kan mai uwa da wabi ma haka yake: yana kashe ƙudan zuma da ƙwarin da ke cin maɓarnatan, su kuma maɓarnatan da suka tsira su haifi waɗanda maganin ba ya ji.

Abin da muke so yaranmu su gada ke nan, tunda cikin gonakin nan za su girma. Ranar da ƙullin ya tsage, sukan zauna shiru har fikafikan su miƙe su bushe, sannan mu buɗe taga. Yanzu babbar 'yarmu in ta ga tsutsa ba ta neman takalmi. Sai ta juya ganyen, ta duba wace shuka ce, sannan ta ɗago ta ce, "Abba, wannan ta wa ce?"