Namiji Barkono: Tsakanin Gert Ledig, Kawuna da Ƙanena

Kwana biyu kun ji ni shiru, wallahi ba lalaci ba ne, zirga-zirga tsakanin Nguru da Gashuwa ce ta hana ni zama. Yau kuma ba kukan wutar lantarki zan yi muku ba. Wani marubucin Jamus ne ya tsaya mini a rai, shi da kawuna da ƙanena.

Sunansa Gert Ledig. A wani shagon tsofaffin littattafai na Hambog na fara cin karo da shi, kuma ko Jamusawan da muke aiki tare yawancinsu ba su san shi ba. An haife shi a Leipzig a 1921, ya kai kansa soja a 1939. A 1942 aka raunata shi kusa da Leningrad, ya rasa yatsu biyu, muƙamuƙinsa ya farfashe. Littafinsa na farko, Die Stalinorgel, ya fito a 1955. Wannan suna shi ne laƙabin da sojan Jamus suka ba motar harba rokoki ta Rasha, Katyusha, saboda kukanta. Labarin kwana biyu ne kacal a kan wani tudu, kuma yawancin mutanen ciki ba su da suna sai muƙami: Manjo, Saje, ɗan aike. Na biyu, Vergeltung, wato ramuwar gayya, ya fito a 1956, labarin kimanin minti 70 ne na ruwan bama-bamai a kan wani birnin Jamus a Yulin 1944. Masu sharhi suka yi masa ca, wai ya cika ban tsoro. Daga na uku a 1957 bai ƙara fitar da ƙagaggen labari ba. Sai a 1999 aka sake buga Vergeltung, 'yan watanni bayan mutuwarsa.

Mai karatu, abin da ya kama ni shi ne, duk cikin littattafan nan babu jarumi. Wanda ya tsaya da wanda ya gudu, bom ɗaya ke kwashe su. Mai kirki ba ya ganin sakamako, mugu ma ba lallai ya gani ba. Yara 'yan makaranta aka ɗora kan bindigogin kakkaɓo jirage. Wani sojan saman Amurka ya faɗo hannun farar hula, suka yi ta wulaƙanta shi, su a ganinsu mazantaka ke nan.

To me ya haɗa wannan da Yobe? A watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya. Ina Hambog, na yi makonni ban ji muryar Hajiyarmu ba. Da na dawo gida, abokan wasa suka samu na yi: "Ɗan Jamus, da ake ruwan wuta kana ina?" Nakan yi dariya, amma maganar tana suka.

Ƙanena yana yaro aka sace 'yan mata 110 a Dapchi, ran 19 ga Fabrairu 2018, kuma Dapchi ba wata tafiya ba ce daga Gashuwa. Yanzu ya zama saurayi, ya ce shi sai soja. Hajiya ta ce in lallashe shi. Na zaunar da shi na kwashe labarin Ledig kaf na ba shi. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Yaya, shi wannan Bajamushen ƙasar wasu ya je ci da yaƙi. Ni garinmu zan tsare." Na yi tsuru-tsuru. Gaskiya ya faɗa, domin rundunar da Ledig ke ciki ita ta yi wa Leningrad ƙawanya har ɗaruruwan dubban mutane suka mutu da yunwa. Amma da hira ta yi nisa sai ga wata magana ta fito: abokansa biyu sun shiga, suna ce masa namiji barkono, sai an tauna ake sanin yajinsa.

Shi ya sa muka hau mota, muka bi ta Jajimaji zuwa wajen Kawu a Gashuwa. Kawu ɗan mazan jiya ne. A tashar jirgin ƙasa ta Nguru ya hau jirgi a 1968, bai dawo ba sai da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Tun tasowata ban taɓa jin ya ba da labarin yaƙi ba. Muka same shi yana gyaran koma a inuwa. Da ya ji abin da ke tafe da mu, ya daɗe bai tanka ba. Can ya ce sun taɓa kama wani yaro, yaron ya roƙe shi ruwa, ga gora a ƙugunsa, amma ya hana, don kada 'yan uwansa su ce zuciyar mata gare shi. Kafin asuba yaron ya cika. "Shekara hamsin da ɗoriya," in ji Kawu, "har yau yaron nan ƙishirwa yake ji."

Sai ya dubi ƙanena ya ce, "Ɗan nan, in don tsare mutane za ka, Allah ya ba da sa'a. In kuwa don a kira ka namiji ne, zauna. Ranar da za a ce ka yi abin da Allah ya hana, wannan kunyar ce za ta sa ka yi."

A hanyar komawa na yi ta juya maganar. Ledig da Kawu sun haɗu a kan cewa babu wani kirari a bakin daga. Inda suka rabu, a littattafan Ledig babu mai tambaya, komai ya tafi a banza. Kawu kuwa ya sakankance za a tambaye shi gorar ruwan nan. Ni dai na fi ganin nauyi a kan Kawu, amma kuma shi ke da abin gaya wa yaro. Na kuma gane gorin "ɗan Jamus" da ke cina da barkonon da ke cin ƙanena duk ciwo ɗaya ne.

Har yanzu bai cike fom ɗin ba, bai kuma ce ya fasa ba. Ku taya mu da addu'a. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.