Ruwan Wli, bakin iyakar Gana da Togo

Mu mutanen Tanda mun san ruwa, amma ruwan da muka sani kwance yake tafiya. Kogin Isa ba ya gaggawa, ko da damina. Shi ya sa da harkar kasuwa ta kai ni Hohoe, cikin jihar Bolta ta ƙasar Gana, mai masaukina na zango ya ce ba zan koma gida ba sai na ga ruwan da ke faɗowa daga sama.

Wli na da nisan kilomita wajen 20 daga Hohoe. Daga ƙauyen sai tafiyar ƙasa ta kusan sa'a guda cikin kurmi, ana ƙetare rafin Agumatsa bisa ƙananan gadoji har tara. Tun kafin ido ya gani, kunne ya ji. Ruwan na zubowa daga tsauni mai tsawon mita wajen 80, feshinsa ya jiƙa mini riga tun ina nesa, ga jemagu dubbai maƙale a jikin dutse. Na yi tasbihi, na yi shiru.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne maganar ɗan rakiyarmu: wannan ruwa daga Togo yake fitowa. Bayan tsaunin wata ƙasa ce, amma mutanen Ewe ne nan da can, harshe ɗaya, auratayya ɗaya. Dā duk yankin na hannun Jamus. Bayan yaƙin 1914 Ingila da Faransa suka raba shi, kuma a ƙuri'ar 1956 ɓangaren Ingila ya zaɓi bin Gana. Da annobar korona ta zo, Gana ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Maris 2020 har Maris 2022. Shekara biyu cur, mai gona a hayi sai ta ɓarauniyar hanya, kamar wanda ya ɗauko kayan wani.

Wa zai ba ɗan Dandi wannan labari? Gaya da Malanbil gada ce kawai tsakaninsu, Kamba kuma ga ta nan kusa. Rikicin tsibirin Lete sai da ya kai kotun duniya ta La Haye, wadda ta ba Nijar shi a 2005, alhali makiyaya da masunta na gaɓa biyu sun daɗe da sanin juna. A 2019 Najeriya ta rufe tata iyaka. A 2023, bayan juyin mulki da takunkumin CEDEAO, aka datse gadar kanta. Manya a Yamai da Kwatanu suna musayar takardu, manyan motoci na jere a Malanbil kaya na lalacewa, mata masu tallar albasa da tsofaffi masu zuwa gaisuwar mutuwa kuwa suka koma kwalekwale, suna biyan kuɗin fito ninki-ninki.

A ofishin iyaka na Wli, ma'aikacin ya jujjuya takarduna, ya tambaye ni inda Tanda take. Na ce bakin iyaka. Ya ce wace? Na ce guda biyu.