Mu Auna Ma'aunin Kafin Mu Zuba Ƙwai

Mu mazauna Chagoua mun san albashi ba ya kai mutum ƙarshen wata. Shi ya sa da yawa daga cikinmu, malamai da 'yan kasuwa, muka rungumi kiwon kaji. Yau a cikin tsohon firji ma ana haɗa injin ƙyanƙyasa: ƙwan lantarki, fanka, da 'yar na'urar da ke kunna wuta ta kashe idan zafi ya kai. Ƙwan kaza yana son digiri 37.5 har kwana 21, na zabo kuwa kwana 26 zuwa 28.

To, 'yan uwa, wa ya gaya wa na'urar nan cewa zafi ya kai? Wani ɗan ƙarfe ne a bakin waya, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ana ce masa tamista. Idan ya ji zafi sai ya ƙara barin lantarki ya wuce, na'urar kuma ta juya wannan zuwa lamba. Tun 1833 Michael Faraday na Ingila ya gano wannan hali a wani sinadarin azurfa. Amma kowane tamista da ɗan bambancinsa, kuma danshi da tsufa suna ƙara karkatar da shi. Digiri ɗaya ba kome ba ne a jikinmu, mu da muka saba da zafin Afrilu mai wuce 40. A wurin ɗan tsako kuwa babban abu ne. In zafi ya yi yawa, sai su fito da wuri ba ƙarfi, ko su mutu cikin ɓawo. In ya gaza, sai su makara.

Gwajin bai fi ƙarfin kowa ba. Mu daka ƙanƙara mu cika kofi, mu zuba ruwa kaɗan, mu motsa, mu tsoma tamista. Ya kamata ya nuna 0. Ruwan tafasa kuwa kada mu jira 100, domin Njamena tana kusan mita 300 bisa teku, wajen 99 ruwa ke tafasa a nan.

Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na ruwan ɗumi, tunda tamista na iya faɗin gaskiya a 0 ya kauce a 38. Mu zuba ruwa mai ɗumin jiki a fulas, mu ɗaure tamista da ma'aunin zazzaɓi irin na asibiti, mu tsoma su tare, mu jira minti 5. In tamistan ba ya shiga ruwa, a sa shi a leda. Mu karanta sau 3. Misali, ma'aunin asibiti ya ce 38.0, na'ura ta ce 37.2: ke nan sai a ƙara mata 0.8. A STC-1000 wurin gyaran shi ne F4, a W1209 kuma P4. Ba don gyaran ba, da ƙwai suna gasuwa a 38.3 mai su yana murna.

Mu da ba ma sayen gero a kasuwar Dembé sai mun leƙa gindin mudu, ina dalilin da za mu miƙa wa na'ura kuɗin makarantar 'ya'yanmu ido rufe? Mu riƙa gwada ta kafin kowane zubi, da duk lokacin da muka sauya tamista, mu rubuta sakamakon a littafi. Wanda ke da ma'aunin asibiti kuma ya ara wa maƙwabci. Allah ya sa albarka a kiwonmu.