Daga Kwantagora Zuwa Dajin Zugurma

Baturen Ingila ko na Amurka idan ya sami hutu, yakan sa karensa a mota ya bi ƙauyuka yana ziyartar ƙananan gidajen tarihi da hanyoyin daji. Bahaushe kuwa kare a wurinsa na farauta ne da gadi, ba ya hawa shimfiɗa balle kujerar mota. Amma wanda ya yi sammako daga Kwantagora da rani, yakan gamu da maharba a bakin hanya, da gora da adda da bindigar toka, karnuka na biye da su. Matafiyin da ke son ganin tarihin wannan ƙasa sai ya yi koyi da su, domin yawancinsa a daji yake, babu ginin da aka tara shi a ciki.

Garin kansa shi ne zango na fari. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa shi wajen 1864, bayan an ba shi sarautar Sarkin Sudan a 1859. Masu ba da labari sun ce da ya iso bakin kogin ya umarci jama'arsa da su kwantar da gora, watau tafiya ta ƙare, daga nan sunan ya samo asali. Tafiya kaɗan daga gari akwai Rijiyar Nagwamatse, wadda aka ce ya tona sa'ad da rundunarsa ta rasa ruwa, kuma har yau da sunansa ake kiran wurin. Umaru ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim ya yi suna wajen yaƙi, har Gwari da Kambari da maƙwabtansu suka sha wuyar hare-harensa na kamun bayi. Sojan Turawa suka ci garin a farkon 1901, Ibrahim ya fita, aka kama shi, sa'an nan aka mayar da shi kan gadonsa a 1903, ya zauna har ya rasu a 1929.

Wanda ke son ganin inda Turawan nan suka zauna, sai ya nufi gabas ta Tegina ya gangara Zungeru, a bakin kogin Kaduna. Nan Gwamna Lugga ya kafa hedkwatar Arewa a 1902, nan kuma ta zauna har aka ƙaura zuwa Kaduna a 1917. A nan aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe a 1904. Abin da ya saura na gidan Gwamna da ofisoshinsa kufai ne da ginshiƙai cikin ciyawa, ga kuma maƙabartar Turawa. Kai, har ƙaramar gadar ƙarfe ta Lugga an ɗauke ta a 1954 an kai Kaduna. Wurin da aka taɓa yanke hukunci a kan dukan Arewa, yau awaki ke kiwo a cikinsa.

Daga nan sai matafiyi ya juyo ya nufi yamma, wajen Kwara. Kudu maso yamma da Kwantagora dajin Zugurma yake, wanda aka haɗa da dajin Borgu a 1979 aka kafa Gandun Dajin Tafkin Kainji, mai faɗin murabba'in kilomita 5,341. Ƙasa ce ta kaɗanya da ɗorawa da maje da doka. Gwanki da kanki da ɓauna da bika na cikin naman dajin da aka san gandun da su, ga dorina a kogin Oli, ɓangaren Borgu. To, a nan tafiyar kare ta ƙare, domin doka ta hana farauta a cikin gandu. Maharbin da kakansa ya yi sarautar dawa a wannan daji, dole ya tsaya a kan iyaka ya kira karnukansa. Hanin yana da ciwo, amma dalilinsa a fili yake: dawan da ba a tsare ba, tuni gatari da gobara da harbi suka cinye namansa.

Gaba kaɗan sai madatsar Kainji, wadda aka fara a 1964 aka gama a 1968. Ruwanta ya shanye tsohuwar Bussa, inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806, aka kwashe dubban mutane zuwa Sabuwar Bussa da wasu sababbin garuruwa. Wannan zango na tarihi, sai dai a nuna wa baƙo da yatsa daga cikin kwalekwale.

Abin baƙin ciki shi ne, tun wajen 2020 'yan bindiga sun addabi hanyoyin wannan yanki, wasu ma sun mai da gandun maɓoyarsu. Baƙi sun ɗauke ƙafa, maharba da yawa kuma sun koma aikin banga suna tsaron ƙauyukansu. Mai niyyar tafiya wajibi ne ya nemi shawarar hukuma da ta mutanen gari kafin ya ɗaura kaya, kada kuma ya bari dare ya same shi a hanya. Hakkin Gwamnatin Jihar Neja ne da Masarautar Kwantagora su kewaye rijiyar nan da kufan Zungeru, su sa a rubuta abin da tsofaffin maharba suka sani tun suna raye. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, amin.