Haƙori Ya Tafi, Kada Ƙashi Ya Bi Shi

Mu da muke koyon aikin malanta, baki shi ne fartanyarmu, da shi za mu yi noma a cikin aji shekara da shekaru. Saboda haka na ga ya kyautu in ja hankalin 'yan'uwana ɗalibai a kan abin da ke faruwa bayan an cire haƙori.

Yawancinmu zato muke in an cire wanda ya dame mu, shi ke nan magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Haƙori kamar itace yake a bakin rafi, saiwarsa ce ke riƙe da ƙasa. Ran da aka tumɓuke shi, sai zaizaya ta soma. Haka ƙashin muƙamuƙi yake. In babu saiwar da za ta riƙa motsa shi wajen tauna, sai ya dinga zagwanyewa. Likitoci sun auna, sun ga faɗin wurin kan ragu da kusan rabi cikin shekara 1, mafi yawa kuwa cikin wata 3 na farko.

Ni na ga wannan a fuskar kakata. Wanzami ya cire mata haƙora da dama tun tana da ƙarfinta. Da muka kai ta a yi mata na roba, sai suka ƙi zama, domin babu tudun da za su hau. Kumatunta sun lotsa, maganarta ba ta fita sosai. To, ina ga malamin da zai koya wa yara bambancin "sa" da "tsa"?

Yanzu akwai dabara. Da an cire haƙorin, likita yakan cika ramin da garin ƙashi, ya rufe da wata 'yar fata, ya ɗinke. Garin nan wani na saniya ne da aka tsabtace, wani na alade, wani kuwa haɗin masana'anta ne, don haka ka tambaya kafin a sa maka. Bayan wata 3 zuwa 6 sabon ƙashi ya kama, ana iya dasa haƙori.

Akwai kuma magani da haske. A 1967 wani likitan ƙasar Hangari, Endre Mester, ya haska wa ɓeraye hasken leza marar ƙarfi, ya ga gashinsu da aka aske ya fi saurin tsirowa. Daga nan abin ya samo asali. Yau akan haska jan haske a kan dasashi na ɗan lokaci, ba zafi, ba ƙuna. Yana rage ciwo da kumburi, yana taimakon rauni ya warke, amma mataimaki ne kurum, ba ya maye gurbin garin ƙashi.

Sauran aikin kuwa namu ne. Gudan jinin da ya toshe ramin shi ne harsashin sabon ƙashi. Kada a kurkure baki sai bayan awa 24, sa'an nan a yi da ruwan ɗumi da gishiri a hankali. Kada a sha taba, kada a tsokane shi da harshe ko asuwaki.

Jama'a, kafin ka buɗe baki a cire, tambayi likita abin da zai yi wa ramin. Rigakafi ya fi magani. Allah ya bar mu da haƙoranmu, amin.