Ƙamewa: Kalmar da ta Kayar da Baƙo a Gasar Girya

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da idanu. Wani ɗalibi Bahaushe da ya je karatu ƙasar Rasha ya gaskata wannan magana a ranar da ya fara shiga gasar ɗaga girya ta jami'arsu. Ƙarfi bai gaza masa ba, domin tun yana saurayi yake saɓa buhun gero. Kalma guda ce ta kayar da shi, wadda ya sha ji a wurin atisaye amma bai taɓa tambayar ma'anarta ba.

Girya curin ƙarfe ce mai mariƙi a sama kamar na buta. Asalinta ma'aunin kaya ce a kasuwannin Rasha, inda ake lissafin nauyi da pud, wato kilo 16 da ɗoriya. Shi ya sa har yau nauyin da aka fi gasa da shi yake kilo 16 da 24 da 32. Girmansu ɗaya ne, launi ke bambanta su: rawaya da kore da ja. Mai ɗaga ta ana kiran sa girevik. A shekarar 1985 aka yi gasar zakarun Tarayyar Sobiyet ta farko a birnin Lipetsk.

Ɗagawar iri uku ce. Tolcok shi ne tunkuɗa girya daga ƙirji zuwa sama da kai, maza kan yi shi da guda biyu. Rivok shi ne fizgo girya ɗaya daga tsakanin ƙafafu zuwa sama a motsi guda, kuma sau ɗaya tak ake sauya hannu. Na uku shi ne dogon zagaye, inda bayan kowace tunkuɗa ake saukar da giryoyin ƙasa da ƙugu a sake ɗauko su zuwa ƙirji. Akan haɗa na farko da na biyu a gasa guda. Minti 10 ake bai wa ɗan wasa, idan kuwa ya ajiye ƙarfen a ƙasa, wasansa ya ƙare.

Duk wannan ɗalibin ya san shi. Da aka ba da izinin farawa, sai ya shiga tunkuɗa da gaggawa, yana ƙirga wa kansa a zuci. Alƙali kuwa yana ta maimaita wata gajeriyar magana mai nufin ba a ƙirga ba. Da lokaci ya cika, ya tarar abin da aka rubuta masa bai kai rabin nasa lissafin ba. Kunya ta rufe shi a gaban abokan karatunsa.

Kalmar ita ce fiksatsiya. Ma'anarta, idan girya ta kai sama, dole hannuwa da gwiwoyi su miƙe sarai, jiki da ƙarfe su tsaya cik, har alƙali ya ƙirga. Duk ɗagawar da ba ta da wannan tsayawa, wahalar banza ce.

A daren nan ya ɗauki littafi, ya nema wa kowace kalma sunanta na Hausa. Girya ya bar ta yadda take, tun da harshenmu bai taɓa ƙyamar aro ba. Tolcok ya kira shi tunkuɗa, rivok fizga. Fiksatsiya ce ta fi ba shi wuya. Ya gwada tsayawa, ya ga mai hutawa ma tsayawa yake yi. Daga ƙarshe ya tuna yadda soja kan ƙame a gaban na gaba da shi, sai ya rubuta ƙamewa.

Ga ɗalibin harshe, aikin fassara kalmar fannu ke nan: sai an fahimci abin da kalma ke buƙata daga mai aikata ta kafin a laƙaba mata suna. A gasa ta biyu ɗalibin ya rage sauri, yana ƙamewa a kowace ɗagawa, alƙali kuwa bai zubar masa da ko ɗaya ba.